Tankin da Na Liƙa wa Akori-kura

Fam ɗari biyu da arba'in ne a hannuna ranar da na fita neman mota. Ɗari da sittin na tara su da tsani da bokiti, hamsin kuɗin gonar da na gada ce a Gwarzo na aika aka sayar, talatin kuma matata Hajo ce ta kwance daga cinikin tuwonta ta ce in ƙara. Bayan su ba ni da ko sisi. A ɗaya gefen kuma ga wani bene mai hawa shida a Dugbe, tsakiyar Ibadan, gilashi tun daga ƙasa har sama, an ce za a ba ni wankinsa duk mako in dai zan zo da ruwana, in kuma gama kafin ma'aikata su dawo ranar Litinin. In na zaɓi mota da tanki daidai, aikin benen nawa ne. In na kuskure, babu gona, babu jari, Sabo kuma, unguwarmu ta Hausawa, ta samu abin dariya na shekara guda.

Saboda ku samarin yanzu nake wannan bayani, ku da kuke tsayawa ƙofar shagona kuna cewa, "Alhaji Isyaku, ai wankin gilashi ruwa ne da tsumma." To ku ji yadda ruwan da tsumman suke.

Gilashin farko da na wanke na wani Kwara ne, ɗan Labanan, mai kantin yadi a Gbagi. Lokacin ina ɗaurin huhun goro, ina zaune a gidan Alhaji Bawa, fatoman shanu mai saukar da fatake, wanda ya ba ni ɗaki tun ranar da na sauka Ibadan da buzu da buta. Kwaran ya ce zai ba ni sule biyu. Na ɗebo ruwan rijiya daga Sabo, na zuba sabulu kamar zan wanke tukunya, na dirje gilashin nan da rana tsaka. Da ya bushe sai ga farin dabbare-dabbare kamar an watsa masa kanwa. Kwaran ya fito, ya duba, ya ce da na bar masa dattinsa da ya fi ganin titi. Bai ba ni ko kwabo ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga nan na fara koyo. Ruwan rijiya ba ya wanke gilashi, sai dai ya yi masa zane. Ruwan sama ne sarki, sai na famfo. Sabulu ɗan kaɗan ne, in ka ga kumfa ya tashi ka yi ɓarna. Ba a wanki a cikin rana. Inuwa ake bi, da safe ka yi gefen yamma, da la'asar ka koma gefen gabas. Gilashin luba kuwa, wanda ke jere falle-falle, kowane falle sai ka riƙe shi ka goge ciki da waje, bakinsa kuma reza ne. Ku duba yatsuna in kun zo gaisuwa. Kayan aikina ba su da yawa: tsani, bokiti biyu, roba mai mariƙi ta share ruwa, da fata mai laushi ta gogewa ta ƙarshe. Da su na shiga gidajen Turawa a Jericho da na manyan ma'aikata a Bodija, har na ɗauki mutum biyu, Tanko da Ɗan'azumi. Tanko ya taɓa yin karen mota, yana da lasin.

Abin da ya hana ni girma ruwa ne. Da rani famfo ya ɗauke, uwargidan gida ta ce ɗan abin da ta tara na girki ne da wanka, kada in taɓa. Sai mu koma gida hannu rabbana. Shi ya sa da Mista Ajayi, mai kula da benen nan na Dugbe, ya kira ni, maganar ruwa ya fara yi. Bayarabe ne gajere, ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya, yana jin Hausa ras.

Ya ce, "Mala, wanda ke yi mana da can ya tafi. Amma ruwan benen nan ba na wanki ba ne, masu ofis sun hana. Kana da mota?"

Na ce, "Ina da ita, Oga."

Ya ce, "Ina take?"

Na ce, "Tana wajen mai ita, ban biya ba tukuna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Motoci biyu na samu a wajen dillalai a Oke-Ado, duka akori-kura. Ɗaya ƙirar Faransa ce, fentinta na sheƙi, kujerarta laushi, in ta tashi ba ka jin ƙararta. Ɗayar tsohuwa ce ƙirar Ingila, wani kamfanin katako ya gama morar ta, ƙofarta ɗaya da waya aka ɗaure. Dillalin ya dafa mai sheƙin ya ce, "Alaji, in ka shiga Sabo da wannan, gobe za a ba ka mata ta biyu." Na ce masa ruwa zan ɗauka, ba amarya ba.

Ban saurari injin ba, don ban san yarensa ba. Wannan na bar wa Tanko. Ni ƙasa na kwanta na shiga ƙarƙashin kowace, na duba kaurin ƙarfen sifirin. Sannan na je Sabo na kwaso 'yan dako goma, ƙarti, na ba kowa taro, na ce su hau baya. Muka nufi tudun Mokola. Mai sheƙin ta zauna a kan tayoyinta tun kafin mu fara hawa, a tsakiyar tudu ta fara haki. Tsohuwar ta yi ta gurnani kamar raƙumi ana yi masa lodi, amma ta hau, Tanko ya tsaya da ita a tsakiyar tudun, ya sake tashi, ba ta ja da baya ba.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne na zagaya wajen masu fasa tsofaffin motoci. Irin mai sheƙin ban ga gawarta ko ɗaya ba, don sabuwar shigowa ce. Irin tsohuwar kuwa ga su nan jibge, ciyawa ta fito ta cikinsu. Ku riƙe wannan: kada ka sayi motar da ba ta da gawa a garin da kake. Ranar da za ta kwanta, gawar 'yar'uwarta ce za ta tashe ta. Na biya fam ɗari da casa'in na ja tsohuwar.

Tankin Baba Lasisi ne ya ƙera mini, wani mai walda a bakin Mokola da ba ya kirana da komai sai Gambari, sunan da Yarabawa ke kiran Bahaushe. Na ce masa ina son akwatin ƙarfe guda, galan ɗari da hamsin, daidai nauyin ƙartin nan goma. Ya ce haka kawai, fili guda? Na ce haka kawai. A nan lissafin ɗan goro ya shige ni. A wurinmu kaya kaya ne: in mota ta ɗauki huhu goma, ta ɗauki duk abin da ya kai nauyin huhu goma. Huhu kuwa inda ka ajiye shi nan za ka same shi.

Asabar ɗin farko muka cika tanki a famfon tasha, muka tafi lafiya lau. Mun wanke hawa uku, ruwa ya koma rabi, muka juyo gida. Muna gangarowa tudun Mokola wata akuya ta gilma, Tanko ya taka birki. Mota ta tsaya, ruwa bai tsaya ba. Na ji ya ruga gaba ya daki bangon tanki kamar an jefo mu da sa, ya ture mu, ya koma baya, ya sake dawowa. A bugu na biyu muka faɗa kwata. Babban tsanina ya karye biyu, muka kifar da teburin wata mai sayar da lemo. Ban san Yarabanci yana da zagi da yawa haka ba sai ranar. Na biya lemon har da wanda bai fashe ba.

Kafin la'asar labari ya riga ni zuwa zauren Alhaji Bawa. Na tarar da shi a kan buzunsa, dillalan shanu sun kewaye shi.

Ya ce, "Isyaku, an ce ruwa ya tunkuye ka."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya ce, "Nawa ne a ciki?"

Na ce, "Rabi."

Ya ce, "Kai ɗan goro ne, shi ya sa. Ka taɓa ganin mun sa shanu biyar a taragon da ke cin ashirin muka bar su sakaka? Kafin jirgi ya kai Oshogbo sun karairaye. Ko dai ka cika tarago su matse juna, ko ka gitta musu itace ka raba su. Abin da ke da rai ba a ba shi fili a cikin mota."

Na ce, "Alhaji, ai ruwa ba shi da rai."

Ya ce, "To wa ya jefa ka a kwata?"

Washegari na koma wajen Baba Lasisi. Ya yanke saman tankin, ya gitta faranti biyu na ƙarfe a ciki, ya huda su ta ƙasa don ruwa ya riƙa ratsawa a hankali. Ɗaki uku ke nan. Yana walda yana cewa, "Gambari, na tambaye ka, ka ce haka kawai." Daga ranar, ko rubu'i ne a cikin tankin, in Tanko ya taka birki sai dai ka ji ɗan motsi kamar jariri a goye. Lahadin nan muka ƙarasa sauran hawa ukun da tsanin aro. Mista Ajayi ya zagaya benensa ranar Litinin, ya shafa yatsa a gilashin hawa na shida, ya duba yatsan, ya ce aikin nawa ne.

Matsala ta gaba ba daga mota ta zo ba, daga Sabo ta zo. Da sarƙa na ɗaure tankin, mutum huɗu za su iya sauke shi. Mutanen unguwa kuwa sun lura. A Sabo ta wancan lokaci abin hawa ba na mai shi kaɗai ba ne. Wannan zai zo ya ce kayan garar 'yarsa za a kai Oke-Ado. Wancan ya ce raguna sun sauka a tasha. Ƙanin liman ya ce huhu shida ne kacal, nan da nan za a dawo. Dukansu sun girme ni, wasu sun ci tuwon sunan ɗana, wasu a bayansu nake salla. Da wane baki zan ce a'a? Wata Juma'a aka ari motar zuwa suna a Oyo, aka ce za ta kwana ɗaya. Sai Lahadi da azahar ta dawo, tana warin tumaki. Ranar da gudu muka yi hawa shida, muka gama rana na faɗuwa. Mista Ajayi agogonsa kawai ya duba, ya dube ni.

Litinin na kai motar wajen Baba Lasisi na ce ya liƙe tankin da jikinta, kusurwa huɗu, walda mai kauri. Ya ce in na yi haka ba za ta ƙara ɗaukar komai ba sai ruwa. Na ce abin da nake so ke nan. Daga ranar duk wanda ya zo aro sai in tashi da ladabi, in kai shi bayan mota, in nuna masa. "Wallahi, Baba, da na so. Ka gani da idonka, tankin a liƙe yake, ba ya sauka." Ban yi ƙarya ba, ban kuma ce wa kowa a'a ba. Alhaji Bawa ya fito ya ƙwanƙwasa waldan da sandarsa, ya ce, "Isyaku, ka ɗaura wa tanki da mota aure, irin na coci, babu saki." Ya gane sarai. Bai taɓa tambayata aro ba, ko kafin nan ko bayan nan.

Shekarun da suka biyo baya su ne na cin riba. Na ƙara ma'aikata, na riƙe benen, na riƙe gidaje goma sha huɗu da kantuna a Gbagi. Masu ce mini boyin Nasara suka fara aiko mini da 'ya'yansu neman aiki.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice, gab da yaƙin basasa. Abin da aka yi a Arewa ya sa Inyamurai suka kwashe suka koma gida, har da na Ibadan, su kuwa su ne ke riƙe da yawancin shagunan kayan mota. Turawa da yawa suka tattara iyalansu. Sannan magana ta fara yawo a gari cewa mu ma 'yan Arewa a koma inda aka fito. Ba wanda ya taɓa mu a Sabo, amma kowa jakarsa a ɗaure take. Jirgin ƙasa ba tabbas, manyan motoci kuwa kuɗin kujera ɗaya ya kai na buhun shinkafa, kuma ba a samu.

Wata safiya na fito zan tafi aiki na ga Alhaji Bawa tsaye a bakin titi da kansa, dattijo mai furfura, yana tsayar da direbobi yana roƙo. Yana so ya tura mata da yaran gidansa Kontagora wajen ƙaninsa, shi ya zauna da shanun mutane da ke hannunsa. Direba na uku ya ja mota ya bar shi yana magana. Ya juyo ya ga motata, ya ga ni, ya ce, "Isyaku, an tashi lafiya? Allah ya ba da sa'a," ya kau da kai.

Na yi lissafi a tsaye a wurin. In motar ta tafi, babu ruwa. In babu ruwa, babu bene, a shekarar da gidajen Turawa ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Amma mutumin nan ne ya ba ni ɗaki ban da ko tabarma, kuma da bakinsa aka gyara tankin da nake ci da shi. Na ce wa Tanko ya juya mu tafi wajen Baba Lasisi.

Ya ce, "Gambari, kai ka ce in liƙe."

Na ce, "Yanzu na ce ka yanke."

Ya ce, "Gudu za ka yi?"

Na ce, "Mota ce za ta tafi. Ni ina nan, sai na ga bayanka."

Kafin a yanke sai da muka tsaya a Dugbe na sami Mista Ajayi. Na gaya masa gaskiya, na ce ina so in ajiye tankin a bayan benensa, ƙarƙashin bututun da ke sauko da ruwan rufi. Damina ta kama, rufin benen kuwa fili ne guda. A kwanakin nan ba kowa ke so a gan shi yana hulɗa da Bahaushe ba. Can ya ce, "Mala, ni gilashi aka ba ni in kula da shi, ba siyasa ba. Ajiye. Amma ranar da na zo Litinin na ga datti, ba ruwana da damina ko yaƙi."

A nan bayan benen Baba Lasisi ya kawo kayansa ya yanke waldan, muka sauke tankin a kan bulo. Na kai motar ƙofar gidan Alhaji Bawa, bayanta fayau, na cika ta da mai. Ya fito ya zagaya ta, ya taɓa wurin yankan da sandarsa, ya ce, "Ashe auren nan yana da saki."

Na ce, "Saki ɗaya ne, Alhaji, akwai kome."

Da safe Tanko ya ja su, mata da yara da tukwane, har da Hajo da ɗana a gefe.

Aikin da muka yi a watannin nan shi ne wanda na fi alfahari da shi. Ni da Ɗan'azumi da mutum biyu da suka rage, mu saɓa tsani a kafaɗa tun daga Sabo har Dugbe a ƙasa, ana kallon mu, wani ya yi magana mu yi kamar ba mu ji ba. Ruwan sama ya riƙa cika tankin har yana ambaliya, kuma gilashin benen bai taɓa haske irin na lokacin ba, don ruwan ya fi na famfo. Fatar gogewa ta Turai ta ɓace a kanti, na je wajen wani majemi a Sabo ya jeme mini fatar akuya ya murje ta da mai har ta yi laushi; ban ƙara sayen ta Turai ba. Gidajen Jericho da Bodija kuwa ba za mu iya kai musu ruwa a ka ba. Na je gida-gida na ba su haƙuri. Wasu suka jira, yawanci suka nemi wani.

Motar da aka ce mako guda za ta yi sai da ta shafe wata biyu, don a Kontagora ma babu mai iya cewa a'a. Ta dawo ana jan ta da igiya daga Oyo, giya ta mutu, sifirin ɗaya ya karye. Babu shagon da ke da kayanta, masu mota mai sheƙi irin wadda na ƙi suna nan sun ɗora nasu a kan duwatsu. Ni kuwa na tafi wajen gawawwakin nan da na gani tun ranar farko, muka ciro giya daga ɗaya, sifirin daga wata. Cikin mako ta tashi.

Ban mayar da tsohon tankin kanta ba. Na bar shi a bayan benen, na sa Baba Lasisi ya ƙera sabo mai ɗaki uku, ya liƙe shi. Daga baya duk babban ginin da na samu, abin da nake fara dubawa shi ne inda ruwan rufinsa ke sauka, in kafa tanki a wurin. Mota ta koma aikin rani da ƙananan gidaje, man da nake sha ya ragu da rabi.

Ga lissafin shekarar. Cikin gidaje goma sha huɗu, tara sun tafi ba su dawo ba. Gyaran mota da sabon tanki sun cinye fam sittin da ɗoriya. Gonar Gwarzo ban sake mallakar ta ba, wanda ya saya ya ƙi sayarwa. Hajo na mayar mata da talatin ɗinta, ta ce ina ribar, na ƙara mata goma. Alhaji Bawa bai ba ni ko sisi na mai ba, ni ma ko da ya bayar ba zan karɓa ba. Amma da zai raba filinsa na bakin titi, ni ya fara kira, a nan shagon da kuke tsayawa yake. Benen Dugbe kuwa na riƙe shi har aka gama yaƙi, na riƙe shi har Mista Ajayi ya yi ritaya, kuma a duk tsawon shekarun nan babu Litinin ɗin da ya shafa yatsa ya ga datti.